Darasi na 14: Babban Baƙi da Ƙaramin Baƙi a Rumbun Bayanai, da Yadda Ake Gwada Tambaya Mai Bin Rassa

Rumbun bayanai shi ne wurin da kwamfuta ke adana bayanai cikin tsari, a jadawalai masu layuka da ginshiƙai, ta yadda za a yi masa tambaya ya ba da amsa ba sai an bi takardu ɗaya bayan ɗaya ba. Yawancin tambayoyin da ake yi wa rumbu masu sauƙi ne, domin layi ɗaya ko 'yan layuka suke nema, kamar a ce a fito da yawan gidajen wani ƙauye. Akwai kuma wata irin tambaya da ba ta tsayawa nan, wadda kan fara daga wuri guda ta nemo abin da ke ƙarƙashinsa, sannan ta ɗauki abin da ta samo ta sake yin tambayar a kansa, tana ta gangarawa har ta kai inda babu sauran abin nema. Wannan darasi ya shafi irin wannan tambaya, da wata matsala da masu rubuta manhaja suka cika rainawa, wato ko kwamfuta za ta ɗauki Korgom da KORGOM a matsayin suna ɗaya ko biyu, da kuma yadda ake tabbatarwa ta hanyar gwaji cewa abin da ta ɗauka shi ne abin da ake nufi.

Tsarin da ake tambaya a kansa

Misalin da za a bi shi ne tsarin mulkin yankin Korgom, domin duk wanda ya taɓa zuwa ma'aikatar magajin gari neman takardar haihuwa ya san shi ko da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba. Jamhuriyar Nijar ta kasu jihohi 8 idan aka lissafa da Yamai, jihohin sun kasu gundumomi, waɗanda yawansu ya kai 63 bayan ƙarin da aka yi a 2011, kowace gunduma ta kasu ƙananan hukumomi, kowace ƙaramar hukuma kuma tana ɗauke da garuruwa da ƙauyuka da rugage. Jihar Maraɗi, wadda ƙidayar 2012 ta nuna tana da mutane sama da miliyan 3 da dubu 400, tana da gundumar Tasawa a gabashinta, Tasawa kuma tana da ƙananan hukumomi 7, wato Tasawa, Baudeta, Hawan Dawaki, Kona, Korgom, Maijirgi da Urafan, yayin da maƙwabciyarta Mayahi take da 8. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ta tattara sunayen garuruwan ƙasar bisa waccan ƙidaya a kundin da ake kira RENALOC, wanda ya fito a 2014.

Da wannan ne kaɗai tsarin, da kowane wuri yana da uba ɗaya tak a samansa, abin da masana ke kira tsarin bishiya. Sai dai ƙauye ɗaya a ƙasar Korgom yana ƙarƙashin ƙaramar hukuma ta fuskar mulki, yana ƙarƙashin sarki ta fuskar sarautar gargajiya, wadda takardun hukuma ke kira kanton, yana ƙarƙashin wata cibiyar lafiya ta CSI da gundumar kiwon lafiya ta Tasawa ta fuskar magani, sannan makarantarsa tana ƙarƙashin masu duba makarantu, kuma iyakokin waɗannan tsare-tsare ba lallai su dace da juna ba. Tsarin da abu ɗaya ke iya ratayuwa a wurare da dama, har hanya ta iya zagayowa inda ta taso, shi ake kira saƙar alaƙa a wannan littafi. Kowane abu da ke cikin saƙar, ƙauye ne ko cibiya ko gunduma, sunansa ƙulli, alaƙar da ta haɗa ƙulli da ƙulli kuma sunanta zare. Lissafin irin wannan saƙa ya girmi kwamfuta da nisa, domin ana danganta farkonsa da Leonhard Euler, wanda ya yi nazarin gadoji bakwai na birnin Königsberg a 1736.

Yadda tambayar ke gangarawa

Harshen da aka fi yi wa rumbun bayanai tambaya da shi shi ne SQL, kuma ƙa'idarsa ta 1999 ce ta shigo da umarnin WITH RECURSIVE, wanda ke ba tambaya damar komawa kan amsarta. Manhajojin rumbu ba su karɓe shi lokaci ɗaya ba: PostgreSQL ya karɓa a fitowarsa ta 8.4 a 2009, SQLite a 3.8.3 a 2014, MySQL kuwa sai a 8.0 a 2018. Tambayar tana da sassa biyu. Sashe na farko, wanda ake kira mafari, yana nemo ƙullin da za a tashi daga gare shi, a ce gundumar Tasawa. Sashe na biyu, mataki mai maimaituwa, yana cewa a kawo duk layin da ubansa yake cikin abin da aka samo a zagayen da ya wuce, don haka a zagaye na farko ƙananan hukumomi 7 ke fitowa, a na biyu ƙauyukansu, a na uku unguwanni da rugage, kuma tambayar tana tsayawa ne a zagayen da bai kawo sabon layi ba. Akwai kuma rumbunan da aka gina musamman domin saƙar alaƙa, irin su Neo4j da harshensa Cypher, inda ake rubuta cewa a bi zare komai yawan matakansa, kuma a 2024 hukumar ISO ta fitar da harshen GQL a matsayin ƙa'idar bai ɗaya ta wannan fanni.

Abin da ya kamata mai koyo ya riƙe shi ne cewa irin wannan tambaya tana iya gwama rubutu da rubutu a wurare uku daban-daban. Tana gwamawa a ƙofa, lokacin da ma'aikaci ya buga sunan da yake nema aka nemo mafari da shi. Tana gwamawa a mahaɗa, lokacin da ake duba ko sunan uban da aka rubuta a layin ɗa ya dace da sunan wani layi na sama, abin da ke faruwa a rumbunan da aka kwaso daga jadawalin Excel, inda ake haɗa layuka da suna saboda babu lamba. Tana kuma gwamawa a birki, wato wurin da take duba ko ta taɓa ziyartar wani ƙulli domin kada ta koma masa. Kowane ɗaya daga cikin ukun yana iya bin ƙa'idarsa ta daban ba tare da marubucin tambayar ya lura ba, kuma yawancin ɓarnar daga nan take tasowa.

Abin da kwamfuta ke gani a cikin harafi

Kwamfuta ba ta ganin harafi, lamba take gani. A tsarin ASCII, wanda aka fitar a Amurka a 1963 da gurabe 128 kacal, babban A lambarsa 65, ƙaramin a kuma 97, haka tazarar 32 take tsakanin babba da ƙarami har zuwa Z, don haka tsofaffin manhajoji suka saba da mayar da babban baƙi ƙarami ta hanyar ƙara 32 ga haruffa 26 na Ingilishi, su bar duk wani abu yadda suka same shi. Haruffan Hausa masu lanƙwasa ba su cikin ASCII, a tsarin Unicode suke, wanda ya fara fitowa a 1991, kuma lambobinsu ba sa bin wancan lissafi. Babban Ƙ lambarsa 408, ƙaramin ƙ 409. Babban Ƴ 435, ƙarami 436. Amma babban Ɓ yana 385 yayin da ƙaraminsa ke can 595, babban Ɗ yana 394 ƙaraminsa kuma 599, saboda an ajiye ƙananan ɓ da ɗ a cikin rukunin alamomin masu nazarin furuci. Manhajar da ba ta duba jadawalin Unicode ba ta da hanyar sanin cewa 394 da 599 harafi ɗaya ne.

Wannan ba tsohon labari ba ne. SQLite, wanda yake cikin kowace wayar Android kuma manhajojin tattara bayanai a karkara da yawa ke dogara da shi, a tsarinsa na asali haruffan ASCII kaɗai yake daidaitawa, ko da umarnin LIKE, ko da lower da upper masu mayar da rubutu ƙananan haruffa ko manya, ko da ƙa'idar jeri ta NOCASE. Ƙa'idar jeri ita ce dokar da rumbu ke bi wajen yanke hukuncin ko rubutu biyu ɗaya ne, da kuma wanne ya riga wanne. Sakamakon haka, idan aka ce SQLite ya mayar da Maraɗi manyan haruffa, MARAɗI zai bayar, da ƙaramin ɗ a tsakiya, kuma idan aka nemi MARAƊI ba zai gane cewa jihar da ke saman dukan jadawalin ake nufi ba, alhali Korgom da KORGOM suna dacewa ba tare da wata matsala ba. PostgreSQL yana bambanta babba da ƙarami a alamar daidai da umarnin LIKE, yana da ILIKE domin watsi da bambancin, amma aikin ILIKE da lower ya danganta da yaren da aka saita rumbun a kai, ta yadda rumbun da aka kafa bisa saitin C zai yi irin halin SQLite, wanda aka kafa bisa cikakken saitin Unicode kuma ya gane Ɗ. MySQL 8.0 ya karkata ɗaya gefen, domin ƙa'idar jerinsa ta asali tana watsi da girman harafi har da alamomin da Faransanci ke ɗora wa wasula, don haka Aguié da AGUIE abu ɗaya ne a wurinsa tun kafin kowa ya roƙa. A Cypher, alamar da ke cewa a yi watsi da girman harafi wajen neman siffar rubutu ta gaji halin harshen Java, inda ASCII kaɗai take shafa sai an ƙara mata alamar Unicode.

Batun ya fi nauyi a Nijar a yanzu fiye da da. Ƙa'idar rubutun Hausa ta ƙasar, wadda aka tsayar a 1999, tana rubuta ƴ a inda Najeriya ke rubuta 'y, don haka haruffa masu lanƙwasa huɗu ne a wannan gefen iyaka, kuma kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, abin da ke nuna cewa sunaye irin su Maraɗi da Ɗan Isa da Ɗan Gulbi za su ƙara shiga rajista da rubutunsu na Hausa. Rubutun ajami, a gefe guda, bai san wannan wahala ba sam, tunda baƙaƙen Larabci ba su da babba da ƙarami.

Ɓarnar da ke biyo baya

A tambayar da ba ta gangarawa, rashin dacewar suna layi ɗaya yake ɓatarwa. A tambaya mai bin rassa kuwa, layin da ya kuɓuce yana tafiya da duk abin da ke rataye a jikinsa, kamar reshen da aka sare daga gindi ya faɗi da 'ya'yansa gaba ɗaya. A ɗauka cewa an rubuta gundumar a matsayin Tessaoua a layinta, amma a layin Korgom an rubuta sunan uban da manyan haruffa, TESSAOUA, kamar yadda takardun Faransanci suka saba. Idan mahaɗa tana bambanta girman harafi, ƙananan hukumomi 6 za su fito a zagayen farko, Korgom ba za ta fito ba, don haka ba za a taɓa tambayar ƙauyukanta ba, ko da kowannensu an rubuta shi daidai. Kwamfuta ba za ta yi ƙorafi ba, jimilla za ta bayar mai kama da gaskiya, kuma idan da wannan jimilla aka yi lissafin gidan sauro ko maganin kariyar zazzaɓin damina, sai ranar rabo za a gane cewa ƙaramar hukuma guda ba ta cikin lissafin.

Wanda ya gano haka yakan yi gaggawar sa lower a ɓangarorin mahaɗa biyu, ya ɗauka ya gama, alhali a nan ne matsala mafi wuyar ganewa take farawa. Korgom sunan ƙaramar hukuma ne, sunan garin da hedikwatarta take ne, sunan ƙasar sarauta ne kuma. Tasawa gunduma ce, ƙaramar hukuma ce, gari ce. Haka Mayahi, haka Maraɗi da ke jiha da birni. Idan ya kasance ƙananan hukumomi an shigar da su da rubutun yau da kullum, garuruwa kuma an kwaso su daga wani kundi mai manyan haruffa, to za a sami layin Korgom na ƙaramar hukuma da layin KORGOM na gari, wanda ubansa Korgom ne. Muddin mahaɗa na bambanta girman harafi, biyun ba sa karo, domin bambancin rubutun ne yake raba su ba da nufin kowa ba. Ranar da aka cire bambancin, garin KORGOM zai fito a matsayin ɗan Korgom, a zagaye na gaba kuma tambayar za ta nemi 'ya'yan garin, ta ga cewa duk ƙauyen da ubansa Korgom ne ya dace, har da garin kansa, ta sake kawo su duka, ta sake, ba iyaka.

Abin da zai faru daga nan ya danganta da yadda aka ɗinke sassan tambayar biyu. Umarnin UNION yana zubar da layin da ya riga ya fito, don haka yana iya tsayar da zagayen, amma idan tambayar tana ɗauke da ginshiƙin zurfi, wato lambar matakin da aka kai, kowane layi zai zama sabo a idonsa tunda zurfin ya canza, UNION ALL kuwa ba ya zubar da komai tun asali. MySQL yana katse tambaya da kuskure idan ta wuce zagaye 1000, SQL Server idan ta wuce 100, PostgreSQL ba shi da irin wannan iyaka ta asali, ko da yake fitowarsa ta 14 a 2021 ta kawo umarnin CYCLE domin gano zagaye. Sai dai birki ba ya warkar da ninkuwa: ko an tsayar da garin daga zama ɗan kansa, kowane ƙauye ya riga ya fito sau biyu, sau ɗaya ta hannun ƙaramar hukuma, sau ɗaya ta hannun garin, kuma jimillar da ta yi ƙasa jiya yau ta kusa ninkawa.

Yadda ake shirya gwaji

Gwaji a nan yana nufin ƙaramin shiri da ke ɗora tambayar a kan bayanan da aka san amsarsu tun farko, ya gwama abin da ya fito da abin da ake tsammani, ya yi shela idan sun saɓa. Ba a yin sa da cikakken rumbu, domin a cikin dubban layuka babu mai iya cewa ga amsar da ta dace. Ana gina ɗan jadawali ne da hannu, mai layuka kamar goma sha biyar, mai zurfin matakai huɗu aƙalla, daga jiha zuwa gunduma zuwa ƙaramar hukuma zuwa ƙauye, sannan a dasa saɓanin rubutu a kowane mataki bi da bi. Zurfin yana da muhimmanci, saboda gwajin da ya sa saɓani a mafari kaɗai ƙofa ya gwada, bai taɓa mahaɗa ba, kuma an sha samun tambayar da ke ɗauke da lower a sashen farko amma babu shi a na biyu. Akwai wata dabara mai sauƙi da ke rage wahalar bincike, wato a ba ƙauyukan gwaji yawan gidaje 1, 10, 100 da 1000, ta yadda amsar da ta dace za ta zama 1111. Idan 1011 ya fito an san wanda ya ɓace, idan 1211 ya fito an san wanda ya ninku, ba sai an duba layukan ba.

Dole jadawalin ya ƙunshi kowane ɗaya daga cikin haruffa masu lanƙwasa, babba da ƙarami, a farkon suna da tsakiyarsa, domin gwajin da aka gina da Korgom da Mayahi kaɗai zai wuce lafiya a kan manhajar da ba ta san Ɗ ba. Dole kuma a rubuta siffar manyan haruffan da hannu. Mai gwajin da ya sa SQLite ya mayar masa da sunaye manya da umarnin upper, sannan ya gwada ko lower zai dawo da su, ya yaudari kansa, tunda ɗ ɗin da bai girma ba a tafiya ba zai gaza ƙanƙancewa a dawowa ba. Da zarar an sami siffofin da aka rubuta da hannu, ana iya kafa wata doka mai faɗi, cewa amsar tambaya ba za ta canza ba ko an rubuta dukan jadawalin da manyan haruffa, ko da ƙanana, ko a gauraye, kuma ƙullayen da suka fito, ba yawansu kaɗai ba, su ne za a gwama.

Rabin gwajin da aka fi mantawa shi ne na abubuwan da bai kamata su dace ba. Watsi da girman harafi ba izini ba ne na watsi da lanƙwasa, domin kasa da ƙasa kalmomi biyu ne, haka bata da ɓata, kuma Unicode yana ɗaukar ƙ da ɓ da ɗ a matsayin haruffa masu zaman kansu, ba k da b da d da aka yi wa ado ba. Wasu shirye-shiryen share alamomi, waɗanda aka yi domin é ta zama e, suna iya shafe lanƙwasar ma, don haka gwaji ya ƙunshi ƙulli biyu da lanƙwasa kaɗai ta raba, ya tabbatar rassansu ba su gauraya ba. A nan ne kuma gurbin gwajin Korgom da KORGOM yake, kuma tilas a ɗaure shi da iyakar lokaci ko iyakar zurfi, in ba haka ba gwajin da kansa zai shiga zagayen ya ƙi dawowa. Lambobin shaida ma suna cikin wannan rukuni. Manhajar DHIS2, wadda ma'aikatun lafiya na ƙasashe da dama ke tattara bayanai da ita, har da Nijar, tana ba kowace cibiya lambar shaida mai gurabe 11 ta haruffa da alƙaluma, inda babban baƙi da ƙarami abubuwa ne daban, saboda haka wanda ya shafa lower a kan irin wannan ginshiƙi yana iya haɗe cibiyoyi biyu da babu abin da ya haɗa su.

Sauran gwaje-gwajen ba sa bukatar dogon bayani. Harafin é yana iya zuwa a matsayin lamba ɗaya ko e da alama a bayanta, ido ba ya bambancewa amma kwamfuta na bambancewa. Suna yana iya ɗauke da gurbin banza a ƙarshe, ko ginshiƙin uba ya zama babu komai, kamar yadda yake a layin jiha. Na'urar da aka saita da Turkanci tana mayar da babban I zuwa ƙaramin ı marar ɗigo, ta yadda MAYAHI ba za ta ƙara dacewa da Mayahi ba, kuma irin wannan matsala, tare da ta ß na Jamusanci da ke girma ya zama SS, ita ta sa Unicode ya tanadi jadawali na musamman domin gwama rubutu, dabam da na mayar da harafi ƙarami.

Abubuwa biyu ne ke tabbatar da ingancin gwajin kansa. Na farko, a gudanar da shi a kan irin rumbun da za a yi aiki da shi na gaske, da irin saitinsa, domin tambaya ɗaya tana iya ba da amsa uku a wayar ma'aikacin karkara, da kwamfutar mai rubuta manhaja, da babbar na'urar ofis, kuma gwajin da ya wuce a MySQL wataƙila ƙa'idar jerin rumbun ce ta ɗauke shi, ba tambayar ba. Na biyu, a lalata tambayar da gangan, a cire lower daga mahaɗa ko a kwance birki, a ga ko gwajin zai faɗi. Gwajin da ya ci gaba da cewa lafiya bayan an yi wannan ba ya gadin komai, gara a goge shi da a riƙa dogara da shi.

Inda daidaita haruffa ke ƙarewa

Duk ƙwarewar manhaja a kan babban baƙi da ƙarami ba za ta sa ta gane cewa Tessaoua da Tasawa wuri ɗaya ne ba, ko Guidan da Gidan, ko Serkin Haoussa da Sarkin Hausa, domin wannan bambancin ƙa'idar rubutu ne tsakanin Faransanci da Hausa, kuma maganinsa jadawalin laƙabi ne, inda ake jera duk siffofin suna a gaban lambar shaida guda. Hukuncin da gwaje-gwajen nan ke kaiwa gare shi shi ne cewa zare bai kamata ya rataya a kan suna ba tun farko. Kowane ƙulli a ba shi lambar da ba ta canzawa, layin ɗa ya riƙe lambar ubansa, birki ya duba lamba, suna kuma a bar shi a ƙofa, inda mutum ke bugawa, a can kaɗai a yi watsi da girman harafi, kuma idan sunan ya dace da ƙulli fiye da ɗaya a tambayi mai nema ko ƙaramar hukuma yake nufi ko gari. Tun ran gini ran zane: gyaran da aka yi lokacin shigar da bayanai ya fi sauƙi a kan wanda tambaya za ta riƙa yi a kowane zagaye, musamman ganin cewa lower a mahaɗa yana hana rumbu amfani da fihirisarsa ta yau da kullum, sai an gina wata bisa ƙananan haruffa. Ko bayan an koma ga lamba ba a zubar da gwaje-gwajen, domin matakin da ke fassara tsofaffin sunaye zuwa lambobi gwama rubutu yake yi, kuma duk kurakuran da aka bayyana suna iya komawa can su ɓuya.

Aikin aji

Wannan aiki ba ya bukatar kwamfuta. Masu koyo su yanka kati tara, a kowanne su rubuta sunan wuri a sama, sunan ubansa a ƙasa, daga Maraɗi zuwa Tasawa zuwa Korgom zuwa ƙauyuka huɗu da suka sani, tare da katin garin KORGOM da manyan haruffa, da kati ɗaya da aka rubuta ubansa MARAƊI. Mutum ɗaya ya zama mahaɗa mai bambanta kowane harafi, na biyu ya zama mahaɗa irin ta SQLite da ke daidaita haruffa 26 kawai, na uku ya daidaita duka har da masu lanƙwasa, kowannensu ya gangara daga katin jiha yana rubuta katunan da ya samo a kowane zagaye. Bayan haka ajin ya gwama jerin ukun, ya faɗi katin da ya ɓace a hannun wa, da wanda ya fito sau biyu, da kuma zagayen da ya kamata a ce an tsayar da na biyu da na uku.